Guzurin Habsu

Habsu, zauna kan jarkar nan, ba ta yoyo.
Ni kawunki ban taɓa wuce Tanut ba,
amma shekara talatin ina tura kura
daga famfon Garin Malam zuwa lungunan Birni,
ruwa kuwa, ko na wace ƙasa, halinsa ɗaya.

Garin da za ki a Italiya, an ce titunansa ruwa ne,
mutum ya buɗe ƙofar gida ya taka kwalekwale.
Ranar da Tanimun ya faɗi haka a bakin kasuwar Dole
mun yi ta dariya har shayi ya huce.
Sai ya nuna hoto a waya. Na yi tsit.
Na soma ƙirga jarka nawa za a samu a ciki,
lissafi ya ƙi ni.

Ga abin da na tsinta a bakinsa, na haɗa da nawa.

Ki fita tun da asuba, kafin baƙi su cika gadoji.
Gari ba ya nuna fuskarsa sai ga mai sammako,
lokacin masu shara, masu burodi, da irina.

Kada ki shiga jirgin kowa sai kun yi ciniki a tudu.
A tsakiyar ruwa ba a cewa albarka.
Akwai babba na haya da ƴan gari ke hawa,
shi za ki nema, ki tsaya can gefe.

Takalmin salla ki bar shi a akwati.
Kowace gada da matakala, hawa da sauka,
babu mota, babu kabu-kabu, ko jaki babu.
In kin ga mai tura kaya yana fama da tudu
ki kauce masa tun bai yi magana ba.
Na san abin da ke cikin ƙirjinsa.

Za ki ɓace. Ki ɓace ɗin.
Ke da kika tashi tsakanin duwatsun Birni
lungu ba zai ba ki tsoro ba.
In hanya ta ƙare a bakin ruwa, ki juyo,
ba wanda zai kai labari gida.

Abincin babban dandali tsada gare shi.
Bi bayan magina da azahar, inda suka zauna ki zauna.
Ki kuma riƙe lomarki da kyau,
tsuntsayensu sun fi shirwar mahauta rashin kunya.

Kin tuna baƙon da ya ɗauki hoton zanen zauren Inna Gaji,
bai yi sallama ba, ita kuwa tana zaune a ƙofa?
Can ma akwai mai shanya tufafi a taga,
gidanta ne, ba kallo ta fito a yi mata ba.
Gaida ta tukuna.

Kowa zai ɗaga kai yana duban sama.
Ke da kika karanci gini, dubi gindin bango,
inda gishiri ke ci a hankali
yadda damina ke cin katangarmu.
Ki tambayo da me suke yaɓe.

Na ƙarshe shi ya hana ni barci.
Tanimun ya ce ruwan nan duk ba ya shayuwa.
A dandalinsu akwai tsofaffin rijiyoyi, an rufe da ƙarfe,
a da ruwan sama suke tarawa kamar mu,
in ya ƙare a kawo daga nesa,
mata na yawo da shi a kafaɗa, gida gida.
Ashe suna zaune cikin ruwa da ƙishirwa.

Ban son tsaraba.
Ki sami rijiya ɗaya, ki ɗora hannu a murfinta,
ki ce wani ɗan ga-ruwa na Damagaram yana gaisuwa.

Tashi, ba ni jarkata.
Na ji famfo ya fara tari.